Yawon Duniya a Kan Keke: Neman Sani ko Neman Wahala?

A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau kekensa ya bar gida da niyyar zuwa Masar. Burinsa karatu a Jami'ar Azhar, kuɗin jirgi kuwa babu. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya isa Chadi bayan wata huɗu da tafiyar kimanin kilomita 4,000. Sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi ne wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa, masu hali suka haɗa masa kuɗin jirgi, ya tsallake Sudan da ke cikin yaƙi. Ya sauka Alƙahira ranar 5 ga Satumba, Azhar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta.

Babu wanda ya ga baiken Barry. Kowa ya gane lissafinsa: talauci ya hana shi jirgi, son ilimi ya hana shi zama. Inda ake samun saɓani shi ne kan sauran mahaya, waɗanda ba rashin kuɗin jirgi ne ya ɗora su bisa sirdi ba. Mutum yana da aikinsa da ɗakinsa da gadonsa, sai ya ajiye aikin, ya ɗaura tanti da tukunya a bayan keke, ya kama hanyar wata shida ko shekara uku, alhali ba fatauci ya fita ba, ba hajji ba, ba gudun hijira ba. Masu goyon bayan irin wannan tafiya na cewa babu hanyar sanin duniya da ta kai ta. Masu suka na cewa ƙoshi ne kawai, wanda bai san wahala ba shi ke fita nemanta da kuɗinsa. Yawancin masu yabon da masu sukan hoto kawai suka gani, shi ya sa ya kamata a fara sanin yadda yinin irin wannan matafiyi yake.

Yana tashi tun da duhu-duhu. Ya naɗe tanti, sau da yawa jiƙe da raɓa, ya dafa shayi a ɗan risho, ya mayar da komai cikin jakunkuna huɗu da ke rataye a gefen tayoyi, biyu gaba biyu baya. Kayan kan kai kilo 20 zuwa 30 ban da ruwa: tanti, shimfiɗa, tukunya, tufafi kala biyu ko uku, famfo, kayan faci, tiyub na ajiya, man sarƙa, magunguna. Haɗa su kaɗai kan ci kusan awa guda. Da wannan nauyi keke na cin kilomita 15 zuwa 20 a awa in hanya shimfiɗaɗɗiya ce, a hawa kuwa sai ya koma saurin mai tafiya a ƙasa. Wanda ya yi kilomita 80 zuwa 100 kafin faɗuwar rana ya yi yini mai kyau. A ƙasashe masu zafi ana raba tafiyar gida biyu, a yi mafi yawanta kafin rana ta take, a fake a gindin bishiya ko ƙarƙashin kwalbati, a sake hawa bayan la'asar.

Abu uku ke cin tunaninsa daga safe zuwa dare: ruwa, abinci, makwanci. Jikin da ya yini yana tuƙa feda kan nemi abincin da ya kusa ninka na mai zaman ofis, don haka duk inda ya ga mai ƙosai ko mai burodi sai ya tsaya. Ruwa ya fi zama tashin hankali. A hamada mutum na iya shan lita takwas zuwa goma a yini, kowace lita kuma kilo guda ce a kan keken. Tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot a Muritaniya akwai kusan kilomita 480 da wuraren samun ruwa ƙalilan ne, sai mahayi ya san tazarar da ke tsakaninsu tun kafin ya tashi. Abin mamaki, in ka tambayi waɗanda suka daɗe a hanya mene ne ya fi gallabarsu, ba kasafai suke cewa tsauni ba. Iskar gaba suke cewa. Tsauni yana da ƙarshe, bayansa akwai gangara. Iska kuwa kamar mai bin bashi take, a wuni tare a kwana tare, gobe da safe tana bakin tanti tana jira.

In rana ta yi gora, saura kamar awa guda ta faɗi, sai neman makwanci. Nan mahayan suka kasu biyu. Wasu kan jira su ga babu kowa a hanya, su tura keken cikin daji, su kafa tanti inda fitilar mota ba za ta haska su ba, su tashi kafin a gan su. Wasu kuma kan shiga gari su yi sallama, su nemi izinin kwana a harabar makaranta, ko masallaci, ko coci, ko ofishin 'yan sanda. A Kudancin Amurka ofishin 'yan kwana-kwana ya yi suna wajen saukar da mahaya keke. Wannan zaɓi na kowane maraice, a ɓuya ko a yi sallama, shi ne a ganina zuciyar muhawarar, amma bari a fara jin sauran hujjojin.

Babbar hujjar masu goyon baya ita ce saurin keke daidai yake da idon mutum. Mai jirgi ya tashi daga wani birni ya sauka a wani, abin da ke tsakani bai shafe shi ba. Mai mota na gani ta gilashi, kafin ya gama kallon ƙauye ya wuce shi. Mai tafiya a ƙasa yana gani da kyau, sai dai shekara za ta ƙare bai je ko'ina ba. Mai keke yana ratsa ƙasa guda cikin makonni, kuma dole ya tsaya a kowane ƙauye, domin gorarsa ta ƙare. Dole ya koyi gaisuwa da ƙirga kuɗi da kalmar ruwa a kowane harshe. Ba ya da ƙofar da zai rufe. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mahayan da suka bi hanyar Wadi Halfa zuwa Khartum, tafiyar kimanin kilomita 900 ta Dongola, kusan bakinsu ɗaya ne a kan Sudan: randunan ruwa da aka jera a bakin hanya sadaka ga duk mai wucewa, da masu shayi da kan ƙi karɓar kuɗi, da magidantan da kan ja baƙo zuwa gida ba tare da sun tambayi sunansa ba. Bature da ya taso bai san komai game da Sudan ba sai Darfur da takunkumi, ya koma gida da wani labari dabam, kuma babu jaridar da za ta iya goge masa shi. Gani ya kori ji.

Hujja ta biyu kuɗi. Wani ɗan Ingila, Alastair Humphreys, ya bar gida a 2001 ya dawo a 2005 bayan ya ratsa ƙasashe 60, tafiyar mil 46,000, kuma abin da ya kashe duka kimanin fam 7,000 ne. Bajamushen nan Heinz Stücke ya bar garinsu Hövelhof a 1962 yana ɗan shekara 22, ya yi fiye da shekara 50 a hanya, ya haura kilomita 600,000, yawancinta a kan keke mai giya uku, yana ciyar da kansa da sayar da ƙananan littattafan hotunan tafiyarsa. Keke ba ya shan fetur, kuma babu garin da za a rasa mai faci ko mai walda. Masu wannan ra'ayi na cewa wanda ya rayu wata shida da abin da jakunkuna huɗu za su ɗauka ya koyi abin da wa'azi ya daɗe yana faɗa masa bai ji ba, wato yawancin abin da yake tarawa ba ya bukatarsa. Sukan ƙara da cewa ba sana'ar maza ce kaɗai ba: a 1963 Dervla Murphy ta tashi daga Ireland ita kaɗai, ta bi ta Iran da Afganistan da Pakistan har Indiya.

Akwai kuma masu kawo tarihinmu a matsayin shaida. Su ce, wa zai koya wa Bahaushe doguwar tafiya? Fatake sun yi watanni suna bin hanyar Gwanja don goro. Alhazan ƙasa sun ratsa Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu sai bayan shekaru suke isa, wasu ma suka zauna a hanya, jikokinsu na nan a Sudan har yau. Kwanan daji da dafa abinci a kan duwatsu uku ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wannan hujjar ita ce ta fi saurin karyewa a hannun masu suka, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Falke bai taɓa fita don ya ga gari ba, riba ta fitar da shi. Alhaji farilla ta fitar da shi. Kuma babu ɗayansu da ya tafi shi kaɗai. Ayari ne, da madugu da ya san rijiyoyi da sarakunan hanya, da jagaba a gaba, da zango sananne inda ake sauka, da fito da ake biya. Kakanninmu sun san daji sarai, shi ya sa ba su shige shi ɗaiɗai ba. Malamai ma sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum tafiyar dare shi kaɗai. Mahayin zamani da ke alfahari da cewa shi kaɗai ya ratsa nahiya, ba gadon fatake ya ɗauko ba, wani abu ne sabo, sai a auna shi da ma'auninsa.

Daga nan masu suka kan wuce zuwa haɗari, kuma suna da misalai masu ɗaga hankali. Ranar 29 ga Yulin 2018, a yankin Danghara na Tajikistan, wasu mutane suka bi ta kan ayarin mahaya bakwai da mota, suka fito suka far musu da wuƙaƙe. Huɗu suka mutu: Amurkawa biyu, ɗan Suwizalan ɗaya, ɗan Holan ɗaya. Ƙungiyar IS ta ce ita ta yi. Amurkawan biyu sun fi shekara guda a hanya, daga Afirka ta Kudu suka faro. A watan Afrilun wannan shekarar aka kashe wani Bajamushe da wani ɗan Poland a jihar Chiapas ta Meziko. Irin waɗannan labarai su ke yawo, amma abin da ya fi zama barazana ga mai keke kullum ba mai wuƙa ba ne, mai sitiyari ne. A 2013 wasu 'yan Birtaniya biyu, mace da namiji, da suka ratsa Turai da Asiya ta Tsakiya lafiya, wata a-kori-kura ta kashe su a kan titi a Thailand. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Duk wanda ya taɓa jin iskar tirela ta wuce shi a titin da ba shi da gefe ya san abin da ake nufi.

Amsar masu goyon baya ita ce haɗarin titi bai bar mai zaman gida ba, ɗan acaɓa na fuskantarsa kullum a cikin gari, kuma mahayi na iya rage shi: ya guji manyan hanyoyi, ya sa madubi, ya sauka daga kwalta in ya ji babbar mota, kada ya yi tafiyar dare. Wannan gaskiya ne har wani matsayi. Ɗan acaɓa abinci yake nema, haɗarin na cikin kuɗin tuwonsa. Mai yawon keke shi ya sayi nasa haɗarin. Amma ban ga wannan ya isa ya haramta tafiyar ba. Haɗari ne da ake iya karantawa, a tambaya, a kauce. Wanda ya ji an ce kada a bi hanya kaza ya bi, ganganci ya yi, kuma ganganci ba laifin keke ba ne.

Akwai wahalhalun da hoto ba ya nunawa, waɗanda ba sa kisa amma suna mayar da mutane gida. Gyambon mazaunai daga gogar sirdi. Gudawa daga ruwan da ba a tace ba, a wurin da ba ban-ɗaki. Zazzaɓin cizon sauro. Kwana uku ba wanka. Ƙaya da ke fasa taya sau huɗu a yini. A Masar 'yan sanda kan bi mahayi da mota a baya, su hana shi tsayawa inda yake so. A Habasha ga hawan kwazazzabon Kogin Nilu na kusan kilomita 20, ga yaran da kan bi mahaya da jifa, abin da kusan duk wanda ya bi hanyar ya koka da shi. A Botswana, tsakanin Nata da Kasane, giwaye ne a bakin titi. Sai kuma gundura, wadda ba a cika faɗa ba: awa bakwai kana kallon farin layi, da maimaita amsa guda sau ashirin a yini. Daga ina? Zuwa ina? Da wannan keken? Me ya yi zafi? Masu goyon baya ba sa musun ko ɗaya. Cewa suke yi daɗin tuwon dare da barcin da ke binsa ba sa samuwa sai da wannan gajiyar. Wannan magana ce ta ɗanɗano, ba a yi mata alƙalanci.

Sukar da ta fi waɗannan nauyi a wurin mai karatu Bahaushe ita ce ta haƙƙi. Saurayin Jamus da ya ajiye aiki ya tafi shekara biyu, iyayensa na da fansho, asibiti na da inshora, in ya dawo akwai aiki. Saurayinmu ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai maganin tsohuwa, akwai gona. In ya ce zai tafi ya ga duniya, tambayar farko da za a yi masa ita ce, wa ka bar wa gidan? Tambaya ce ta gaskiya. Ko da ya amsa ta, takarda na jiransa a iyaka. Fasfon Jamus ko na Japan na buɗe ƙofar ƙasashe kusan 190 ba tare da neman biza tun daga gida ba, na Najeriya bai kai 50 ba. Baturen da ya iso shingen sojoji da ƙura a fuska ɗan yawon buɗe ido ne, a ba shi ruwa a ɗauki hoto da shi. Baƙar fata da ya iso shingen da irin wannan ƙura abin tuhuma ne, ko ɗan ci-rani ko ɗan leƙen asiri. Don haka in an ce hanya a buɗe take ga kowa, sai a tambaya, kowa mai wane fasfo? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma mun ga yadda aka rufe iyakar Najeriya da Nijar na tsawon watanni bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Yanzu sai batun makwanci. Arhar da ake yaba wa wannan tafiya ba daga sama take faɗowa ba. In mutum ya zagaye duniya da kuɗi kaɗan, wasu ne suka cika masa sauran. Matar da ta ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa ta cika masa gorori. Magidancin da ya yanka kazar da ya ajiye don sallah. Yaran da aka rage wa tuwo saboda baƙo. Mafi yawan masu wannan karamci sun fi baƙon talauci nesa ba kusa ba, keken da ya jingina a zaurensu na iya fin abin da gidan ke samu a shekara. Addini ya ba baƙo haƙƙin liyafa har kwana uku, al'ada ta ƙarfafa shi, amma an shimfiɗa wannan haƙƙi ne don ɗan hanya da bukata ta kama, ba don wanda ya sa karamcin talaka cikin kasafin kuɗinsa tun daga gida ba. Akwai mahayan da ke alfahari da cewa sun yi wata guda ba su kashe ko sisi a kan kwana ba. Ni dai ban ga abin alfahari a nan ba.

Masu kwanan ɓoye za su ce to ai mu ba mu ɗora wa kowa nauyi ba. A wasu ƙasashe maganarsu daidai ce. A Sweden da Norway doka ta ba kowa damar kafa tanti na ɗan lokaci a daji muddin ya nisanci gidaje, Scotland ma ta tabbatar da irin wannan dama a dokarta ta 2003. Amma a yawancin Afirka babu dajin da ba shi da mai shi. Abin da baƙo ya ɗauka fili ne kawai, gonar wani ce da aka girbe, ko burtali, ko maƙabarta, ko wurin da mutanen gari ke girmamawa. Kuma babu ɓuya ta gaskiya, makiyayi zai gan ka, mai itace za ta ga sawun taya. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, baƙon da aka tsinta cikin duhu a bayan gari, ba wanda ya san da zuwansa, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi na kura, ya kuma hana gari barci. 'Yan sa-kai ba za su tsaya duba taswirarsa ba.

Wasu sun kauce wa matsalar da kuɗi. A 2003 wani kamfanin Kanada ya fara shirya tafiyar da ake kira Tour d'Afrique, daga Alƙahira zuwa Cape Town, kusan kilomita 12,000 cikin wata huɗu, da manyan motoci masu ɗaukar kaya da mai dafa abinci da ma'aikacin lafiya. Babu wanda aka ɗora wa nauyi, gaskiya ne, amma kuma mahayan da junansu suke ci suke hira, ƙauyen sai ɗaga hannu. Wasu kuma gudu suka sa gaba: Mark Beaumont ɗan Scotland ya yi wannan hanya a 2015 cikin kwana 41 da 'yan awoyi. Bajinta ce, amma wasan motsa jiki ne, wanda ke cin sama da kilomita 250 a yini ba shi da lokacin sanin sunan mai shayi. Duka biyun sun tsira daga sukar, sun kuma rasa abin da aka ce shi ne ribar tafiyar.

Saura hanya ta uku, wadda kowane ɗan ƙauye ya sani. A shiga gari da sauran rana. A sauka daga keken a tura shi. A nemi mai unguwa ko dagaci, a durƙusa a ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, dare ya yi mini, ina neman inda zan kafa 'yar rumfata zuwa safe." Daga wannan lokaci baƙo ya shiga amanar gari, wanda ya taɓa shi ya taɓa mai gari. Sai dai amanar tana da nata farashi, kuma mahayin kirki ya san yadda ake biya ba tare da ya ci fuskar mai gida da miƙa masa kuɗin tuwo ba. Ya zo da sukari da ganyen shayi da goro a jaka. Ya sayi abin da zai saya a kasuwar garin, kada ya tsaya ciniki kan ƙwandala. Ya ɗebo ruwansa da kansa. Ya duba wa yaran gida kekensu, tunda kayan aiki na hannunsa. Kada ya ɗauki hoton matan gida sai da izini. Ya zauna a yi hira ko da gajiya na cinsa, domin labarin inda ya fito shi ne abin da masu masaukin suka fi so daga gare shi. Baƙon da ya yi haka ya bar ƙofa a buɗe ga na bayansa.

Ga Musulmi, ibada ba ta cikin abubuwan da ke hana wannan tafiya. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yi mata ƙasaru, inda ruwa ya yi ƙaranci akwai taimama, kuma masallacin kowane gari wuri ne na sanin mutane kafin a nemi makwanci. A 2017 wasu Musulmi takwas suka tashi daga London a kan keke, suka yi kusan mako shida kafin su isa Madina, da ɗan tsallaken jirgi inda hanya ta yanke, suna tara wa 'yan Siriya kuɗin agaji. Wannan ya fi kama da ayarin da muka sani: jama'a, da shugaba, da manufa.

In aka ɗora hujjojin a sikeli, ni na fi karkata ga masu goyon baya, amma ba da dalilin da suka fi so ba. Ban yarda cewa wahala da kanta tana gyara mutum ba, da haka ne da duk mai turin baro waliyyi ne. Abin da na yarda da shi shi ne tafiyar keke na tilasta wa mai hali ya zama mabuƙaci a ƙofar wanda bai kai shi ba, sau ɗaya kowace rana, kuma wannan darasi ne da ba a sayar da shi a otal. Wanda ya ɗauke shi ya ci riba. Wanda ya mayar da mutanen hanya rijiya da kicin na kyauta, masu cewa ƙoshi ne ke damunsa ba su yi masa ƙazafi ba.

Ga matashinmu da abin ya ba sha'awa, ba sai ka jira bizar Turai ko keken miliyoyi ba. Daga Kano zuwa Zariya kimanin kilomita 150 ne, tafiyar kwana biyu a tsanake, Damagaram kuma kusan 240. Ka nemi yardar iyaye, ka bar wa gida abin da zai ishe su, ka samu abokin tafiya ko biyu, ka zaɓi lokacin sanyi bayan kaka. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, in suka ce kada ka bi, kada ka bi. Dazukan Zamfara da Birnin Gwari ba wurin gwaji ba ne a yanzu. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu, ka sauka kafin magariba, kuma kada ka kafa tanti a garin da ba ka gaida mai shi ba.